Damin Irin Baba

Wata murya da na ji a mangazar ɗana, ɗakin ajiyar hatsinsa a Tasawa, ita ta fama mini wannan tsohon miki. Ɗan fari ne, ko da na tsufa ba zan kama sunansa ba, 'yan kasuwa dai Alhaji suke ce masa, hatsi da wake yake saye yana sayarwa. Ciwon ido ya kai ni birnin, na sauka gidansa, da hantsi na ce a kai ni in ga inda yake wuni. Ina zaune bisa buhu sai na ji yana magana da salularsa, ita kuma tana mayar masa da muryar mace, Hausa tsaf kamar ta masu karanta labarai. Na ɗauka wata ce yake nema, har na fara harararsa. Ya yi dariya ya ce ba mutum ba ce, na'ura ce, ita ce wadda ake ta faɗi a rediyo, wai ƙirƙirarriyar basira. Na ce ikon Allah, da can ƙarya muka sani ana ƙirƙira, ashe an kai ga basira.

Na tambaye shi aikin me take masa. Wai tana kallon gonaki daga sama, ta san inda hatsi ya yi da inda ya ƙone tun ba a yanke ba. Tana samun labarin awakin da aka kai kasuwar Maijirgi da ta Baudeta, in sun yi yawa kuma sun yi araha sai ta gane gidaje sun fara taɓa dabbobi. Tana lura da garin da mutanensa suka rage sa kiredi a waya. Har kiran manoma take yi, ta gaishe su da ladabi, ta tambayi gona da iyali, wai daga yadda mutum ya ja numfashi kafin ya amsa tana gane abin da ya ɓoye. A gabana ta ce masa garuruwan arewa da Mayahi rumbunansu ba za su kai bazara ba, ya riƙe hatsinsa, kada ya saki sai rana ta yi zafi. Garuruwan arewa da Mayahi fa. Can aka binne masa cibiya, can 'yan'uwansa suke har gobe.

Da ya ga fuskata ta canza sai ya shiga ba ni tarihi, don in yaba. Wai tun kafin a haife shi wasu masanan Turawa suka zauna suka ce sai sun gina injin da zai yi tunani. Da fari ƙa'idoji suka riƙa karanta masa ɗaya bayan ɗaya, in ka ga kaza ka yi kaza, kamar yadda ake yi wa amarya huɗuba, da an kauce daga abin da aka gaya masa sai ya tsaya cak. Masu zuba dukiya suka gaji suka janye hannu, abin ya shiga nasa farin kamar gonar da ruwa ya ɗauke wa, ba sau ɗaya ba. Can ya farfaɗo, har ya ci gwaninsu a wata irin dara tasu. Daga baya suka daina yi masa huɗuba, suka kwashi rubutun mutane da maganganunsu da hotunansu suka yi ta ɗura masa, ya haɗiye, ya koyi magana da kansa. Yanzu kuwa 'yan kasuwa sun yi caa a kansa, masu banki, masu sayar da iri da taki, masu kamyon dakon kaya, har masu zannuwa, duk wanda bai riƙe shi ba wai an bar shi a baya. Na bar shi ya ƙare. Na ce ya ajiye tarihin nan, ni na san kakar na'urar nan tasa, mun gamu da ita yana goye a bayana.

An kai ni aure wani ƙaramin gari arewa da Atantane, lokacin da gari ke tashi da ƙarar taɓarya. Yaran yanzu ba su san wannan ba, injin niƙa ya cinye shi, da safe sai tarin inji da kukan waya. Mu kuwa kiran salla na wucewa turmi ke amsawa, daga wannan gida zuwa wancan, kuma kowace mace da hannunta. Ina kwance ina iya gaya miki wace ce ta tashi, wace ce ta makara, wace ce ta kwana da fushin miji, don mai fushi taɓaryarta ba ta lugude, duka kawai take yi. Sussuka da sautinta, surfe da nasa, dakan fura kuma can ƙasa yake, mai nauyi. Daga nan sai kukan guga a bakin rijiya, rijiyoyinmu masu zurfi ne, sai jaki ya ja igiya ya yi nisa kafin ruwa ya leƙo. Mu dawo da tuluna, mu shiga shiƙa a bayan gida, ƙaiƙayi ya cika mana gashin ido. Wahala ce, ba zan yi ƙarya in ce daɗi ba ce, amma kowa ya san halin da maƙwabcinsa ke ciki ba tare da ya tambaye shi ba, kuma in ya sani ba ya kai wa kowa.

Surukina, Baba muke ce masa, dattijo ne marar yawan magana, kuma yana da wani gero da ba kowa ke da shi ba. Zangarniyarsa gajera ce mai gashi, tsuntsu in ya sauka gashin ya soke shi a ido sai ya tashi, ga shi da saurin nuna, ruwa kaɗan ya ishe shi. Kakanninsa suka zo da shi, tun daga lokacin bai taɓa yankewa a gidan ba. Da kaka, kafin a sa wuƙa a gona, Baba zai shiga shi kaɗai yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su dami guda, ya kai can ƙasan rumbu. Wannan shi ne damin iri. Ba a taɓa shi don suna, ba a taɓa shi don biki, ko mutuwa aka yi sai dai a nemo hatsin sadaka a wani wuri. Yakan ce sauran dammunan namu ne, wannan kuwa na waɗanda ba a haifa ba ne, ajiya suka ba mu. A duk garin gida biyu ne ke da geron nan tsantsa, namu da na Baba Dogo, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda gonarsa ke jingine da tamu. Shi ma Baba ne ya ɗiba masa.

Sai fari ya zo. Soja ne ke mulki a lokacin, kamar dai yau, damina kuma ta yi mana rowar da ta fi ta yanzu. Hatsi ya tsiro ya kai gwiwa ya tsaya, iska mai zafi ta bi ta kansa, muna kallo ya koma ciyawa. Abin da aka samu bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Samari suka watse Kudu cin rani, har da mijina, aka bar tsofaffi da mata da goyo. Shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya, Buzayen da muke zaune da su tun kakanni suka sayar da raƙuma a kuɗin akuya. Muka koma anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu. Muka bi karangiya muna sussuke 'ya'yanta, ƙaya a hannu, ƙaya a zane. Muka haƙa gidan tururuwa muna ƙwace abin da ta tara, Allah ya yafe mana. A rumbunmu ba abin da ya rage sai damin iri, kuma duk wanda ke gidan ya san in aka taɓa shi geron Baba ya tafi.

To a nan ne za a ga halinmu, wanda bai san mu ba zai ce hauka ne. Gidan da ba a ji taɓarya da safe ba, gari ya san asirinsa ya tonu. Don haka Inna, matar Baba, takan tashe ni kamar kullum, ta zuba ƙaiƙayi a turmi, wani lokaci da ɗan tsakuwa don sautin ya yi nauyi, in yi ta daka har da lugude. Rumbu kuwa Baba ya sake masa jinka, ya shafe bakinsa da laka sumul, wanda ya gani zai ce cike yake. Inna takan ɗora tukunya da ruwa zalla don hayaƙi ya tashi. Ni ina yarinya na ɗauka gidanmu ne kaɗai ke wannan, don ta ko'ina ina jin turame na amsawa. Rufin asiri muke ce masa, kuma a wurinmu ya fi tuwo daraja, don tuwo in ka rasa yau ka samu gobe.

Ana cikin haka labari ya zo cewa hukuma za ta raba jar dawa ta taimako. Aka ce a rabon baya wasu sun yi sama da faɗi da abincin talakawa, don haka soja sun rantse bana ba hannun mutum a ciki. Akwai wata na'ura can babban birni, ordinatar, ita za a ba labarin kowane gari, ta auna, ta faɗi inda yunwa ta fi. Ba ta da ƙane, ba ta da suruki, ba ta cin goro. Wallahi mun yi murna. Inna har ta ce ashe akwai ranar da za a yi rabo ba a dubi fuskar kowa ba, ba ta san nan ɗin ne ciwon yake ba.

Ranar da masu tambaya suka zo, da mota suka zo, samari 'yan lakwal, 'yan boko ke nan, masu tsabta, da soja guda riƙe da bindiga yana hamma. Aka tara magidanta a ƙofar maigari, mata muna leƙe ta bayan darni. Baƙin hukuma ne, don haka kowane tsoho ya ciro rigarsa ta Idi daga ƙasan adaka. Baba ya sa farar rigarsa ya naɗa rawani, ga wuyansa ya zama kamar kara, amma riga ta rufe. Inna ta ce in koma in kama turmi kada baƙi su ji garin shiru, sauran mata ma kowa ta kama nata, gari ya ɗauki daka kamar ana shirin biki. Turminmu yana jikin darni, ina jin komai. Da yake Baba ne babba, shi aka fara kira, a gaban surukansa da 'ya'yan abokansa da duk wanda ya taɓa ba zakka.

Yaron ya ce, “Baba, ƙaƙa damina ta bar ku?”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.”

“Akwai hatsi a rumbu?”

Baba ya dubi ƙasa, ya ce, “Da saura.”

Yaron ya rubuta, ya ce na gaba. Wa zai zo bayan Baba ya ce shi babu? Baba Dogo ya ce da saura. Liman ya ce da saura. Haka aka bi layi har ƙarshe. Suka zagaya suka ga rumbuna a shafe, suka ga hayaƙi, suka ji turame, suka sha ruwa suka hau mota.

Yau in na ba da labarin nan sai wani mai ilimi ya ce ai laifinku ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kuwa in ce tir. A tsakar kasuwa ake wankan? Wane ɗan halak ne zai tsayar da dattijo a bainar jama'a, da bindiga a gefe, ya ce ya faɗi da bakinsa cewa ya kasa ciyar da gidansa? Kuma Baba bai yi ƙarya ba, da saura, damin iri yake nufi. Duk Bahaushen da ya sha nonon uwarsa ya san in magidanci ya sunkuyar da kai ya ce da saura, to a kai masa agaji kafin rana ta faɗi. Mai abinci cewa yake yi sai godiya, yana dariya, yana jan ka ka zo ka ci. Yaran nan ma sun sani, na ga wanda ke rubutun ya kasa haɗa ido da Baba. Amma an ce musu abin da baki ya faɗa shi za su kai, kada su sa nasu. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa na'urar baki kaɗai aka kai mata.

Bayan wani lokaci muka fara jin rurin kamyo. Yara suka ruga bakin hanya, mu ma muka fito da ƙorai da buhunan da muka wanke muka shanya. Motocin suka zo suka wuce mu, ƙura ta rufe mu, suka nufi wani gari gabas da mu. Su can suna da wani ɗansu da ya yi aikin biro, wato ofishin hukuma, shi ya riga ya gaya musu su sa tsumma, su buɗe rumbuna, su ce babu ko ƙwaya. Ban ga laifinsu ba, yunwar da ke cinmu ita ke cinsu. Amma a ce abinci ya bi ta ƙofar gidanka ya wuce don ka sa rigar kirki ka gaida baƙo da mutunci, wannan har in mutu ba zai daina ci mini rai ba. Muka koma gida da ƙorai a kife, ba mai kallon wani.

Baba ya ɗaure wa jaki akumari, shi da liman suka tafi neman bahasi wurin hukuma. Liman ne ya ba Inna labari da suka dawo. Wai sun wuni a rana kafin a shigar da su. Baba ya cire kunya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya ce wa mai biron da suka tarar a garinsu yunwa ake, yara na mutuwa. Mutumin ya ce ya ji, kuma ya yarda, ga shi ma yana gani a jikinsu, amma ba shi ya yanke ba, na'ura ce. Baba ya ce to a kai shi wurinta ya yi mata bayani. Aka yi dariya, aka ce ba ta ganin mutane. Ya ce to wa ke gaba da ita? Aka ce lissafi ne, ba a gaba da lissafi. Kun ji fa. Da can in sarki ya zalunce ka kana da inda za ka faɗi ka yi kuka, ko ɓarawo ne yana da uwa da za a kai mata ƙara. Wannan kuwa kowa ya ɗaga hannu ya ce ba shi ba ne, alhali mutane ne suka gina ta, mutane suka ba ta abin da ta ci, mutane kuma suka ɓuya a bayanta.

Da na kawo nan a mangaza, ɗan nawa ya tare ni. Yaya yake ce mini, don a hannun Inna ya tashi.

“Yaya, ai maganata kike faɗi. Waccan kurma ce. Da ta yanzu ce, ko Baba bai buɗe baki ba za ta san kuna jin yunwa.”

Na ce, “Ta sani ta gaya wa wa?”

Ya kife salular a kan buhu. Na ce yanzun nan a gabana ta san rumbunan arewa sun kusa ƙarewa, maigari ta kira ko kai? Cewa ta yi a kai musu, ko cewa ta yi ka riƙe? Kakar kurma ce, mun ji, jikar kuwa 'yar gulma ce, tana laɓe a bayan darnin talaka tana kai rahoto ga mai biyanta. Abin da muka sha anza don mu rufe, shi ake tonowa yau da murya mai daɗi ana sayarwa. Ya ce kasuwa ce, in bai yi ba na kusa da shi zai yi. Na ce haka mai biro ya ce, ba shi ba ne. Ban ƙara ba, don akwai yaransa a wurin, ba na so in kunyata shi a gabansu. Sauran labarin ma ban ba shi ba, bai taɓa jinsa daga bakina ba, kunyar ɗan fari ta hana.

Ga sauran. Bayan dawowar su Baba nonona ya ƙafe. Yaron ya daina kuka, wanda duk uwa ta san ya fi kukan muni, kansa ya yi masa nauyi, gashinsa ya yi ja ya kwanta. Anza ba ta zama a cikinsa. Ni ba ni da bakin magana, ɗan fari ne, ko kallonsa ba na yi a gaban surukai, sai in na shiga ɗaki in rungume shi in yi ta hawaye. Wata rana da hantsi ina tsakar gida sai na ji ana fasa laka. Baba ne a kan rumbu. Ya shiga ya fito da damin iri a kafaɗa, ya zo har gabana, shi da bai taɓa tsayawa kusa da ni ba, ya ajiye. Na durƙusa na ce Baba a yi haƙuri, a ƙara ko kwana kaɗan, wataƙila saƙo ya zo daga Kudu. Inna ta kama kuka tana cewa ajiyar kakanni ce.

Ya ce, “Na waɗanda ba a haifa ba ne. To ga wanda aka haifa yana tafiya. Ɗiyata, ki sussuke.”

Na kwance damin. Gashin zangarniyar yana sukata, ƙamshin geron ya tashi, wanda na manta da shi. Ranar turminmu ya yi sautin gaskiya, kuma ban taɓa jin daka mai ɗaci irinta ba. Na dama kunu, Inna ta riƙa ɗura wa yaron da ludayi kaɗan kaɗan. Muka yi ta jan geron nan, shi kaɗai ake dama wa, sai ni da Inna ke tilasta wa in kurɓa don nono. Baba ko ɗanɗanawa bai yi ba. Inna ta so ta ɓoye ko cikin tafi guda, ta ƙulle a tsumma, amma da jikin yaron ya sake juyawa ita da kanta ta kwance. Ya rayu, ga shi can yana hira da salula.

Abin da ya riƙe Baba a kwanakin nan shi ne Baba Dogo. Na ji yana gaya wa Inna cewa iri bai mutu ba tunda na Dogo na nan, turmin gidansa bai fasa ba ko rana ɗaya, alamar da ɗan abin da suke taɓawa. In Allah ya kai mu kaka zai je ya yaba gonarsa, ya ce a ba shi zangarniya biyu don sha'awa, ba sai ya faɗi dalili ba. Inna ta ce ya je yanzu mana ya roƙi ko ƙoƙo guda. Ya ce ya je ya ce wa Dogo me, cewa shi da ya ba shi iri ya cinye nasa? Ya roƙa a gaban hukuma an yi masa dariya, ba zai sake ba.

Sai ga ruwa. Ruwa kuwa na gaske, irin wanda ke sa ƙasa ta yi ƙamshi har cikin ɗaki. Da gari ya waye kowa ya fita da sungumi, don ranar shuka ko mai jego ba ta zama. Ina ɗaure goyo sai Baba ya miƙo mini ƙoƙon shuka a rufe da faifai. Na buɗe, rairayi ne. Na mayar da faifan na rufe. Muka isa gona ya shiga sara, ina biye, in ɗebi rairayi da yatsu uku in jefa a rami in rufe da diddige, kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Tsoho da yunwa a jikinsa, amma layinsa bai karkace ba. Can gefe ga Baba Dogo da matarsa su ma suna yi, ya ɗago hannu ya yi mana barka da ruwa, Baba ya amsa. Ina kallon hannun matar yana shiga ƙoƙo yana fita, ina cewa a raina Allah ya raya, nan ne namu zai fito. Sai da muka shuke gonar tas, rana ta take, sannan muka koma.

Da kwanakin tsiro suka cika, Baba ya ce in ɗauko masa buta in bi shi. Ban san me zai je gani a gonarmu ba, ashe ba tamu zai duba ba. A hanya muka wuce gonar liman, ba komai sai sawun diddige a jere. Ta gaba da ita ma haka. Can wata ta yi kore, ta kusa da ita fayau. Baba ya ƙara sauri, har ina gudu gudu da goyo. Muka iso iyakarmu, ga Baba Dogo tsaye a kan tasa, ya juya wa gonarsa baya, idonsa a kan tamu. Shi ma abin da ya zo nema ke nan. Daga nan har inda ido ya kai, gonakin biyu ba ko ɗan tsiro ɗaya. Ashe su ma rairayi suka shuka.

Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi kwanan gida. Suka daɗe a tsaye. Sannan Baba Dogo ya gyara murya.

Ya ce, “Kusu ya yi ɓarna bana.”

Baba ya ce, “Ya yi.”